Busa muryoyin ƙasa a sarewar ƙarfe: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa koyon sarewar ƙarfe, irin wadda ake gani a hannun 'yan badujalar soja da ta 'yan sanda da ƙungiyoyin kiɗa na makarantu da majami'u, ya san inda gizo ke saƙar. Muryoyin tsakiya ba su cika ba da wahala ba. Da zarar yatsun hannun dama sun fara sauka, sai murya ta soma dusashewa, kafin a kai D da C na can ƙasa iska kawai ake ji tana fita. Tambayoyin nan su ne masu koyo suka fi maimaitawa. Da haruffa aka rubuta sunayen muryoyin. Wanda ya yi karatunsa a Nijar sai ya ɗauki C a matsayin do, D re, E mi, har zuwa B si.

Waɗanne muryoyi ake nufi da na ƙasa?

Sarewar yau da kullum tana farawa ne daga C na tsakiyar fiyano, inda iska ke kaɗawa kusan sau 262 a daƙiƙa ɗaya. Daga nan zuwa C na gaba shi ne hawa na farko. Amma idan mabusa suka ce "ƙasa", galibi daga G zuwa abin da ya yi ƙasa suke nufi: F, E, E♭, D, C# da C (alamar # tana nufin rabin mataki sama, ♭ kuma rabin mataki ƙasa). Ukun ƙarshen nan su ne masu taurin kai.

Me ya sa suka fi sauran wuyar fita?

Abu biyu ne suka haɗu.

Na farko, iskar da ke fita daga leɓɓanka ba bututun take cikawa kai tsaye ba. Tana tsallaka ramin busa ne ta daki kaifin da ke ɗaya gefen, tana karkata ciki tana karkata waje, kuma wannan kai-da-kawo shi ke kaɗa iskar da ke cikin bututun. Idan ka rufe ramuka duka, iskar da za a kaɗa ta haura santimita 60, kuma a hankali take amsawa. Dole saurin busarka ya yi daidai da tafiyarta. Masu binciken sauti sun auna saurin iskar mabusa tsakanin mita 20 zuwa 60 a daƙiƙa. Muryoyin ƙasa a ƙasan ma'aunin nan suke. Ka ɗan wuce, bututun ya tsallake zuwa murya ta sama. Ka gaza, ya yi shiru. Tazarar da ke tsakani ba ta da faɗi.

Na biyu, ginin sarewar kanta. Theobald Boehm, maƙeri kuma mabushi ɗan birnin Munich na Jamus, shi ya fito da wannan samfuri a 1847, da manyan ramuka waɗanda yatsa ba zai iya toshewa ba, sai marafai masu laushin fata a ciki. Sarewa mai ƙarewa a C tana da ramuka 16, kuma kafin C na ƙasa ya fita sai dukkansu sun rufu ruf. Ɗaya ya yi yoyo, magana ta ƙare. B na tsakiya kuwa da marafai kaɗan yake buƙata, shi ya sa ko sarewar da ta gaji takan ba da shi.

An ce in rage iska. Na rage, sautin ya mutu gaba ɗaya. Ina kuskuren?

Saurin iska aka so ka rage, ba yawanta ba. Nan ne mafi yawan masu koyo ke ɓata. Dubi bambancin busar da kake wa koko mai zafi da hucin da kake wa tafin hannunka da asubar hunturu: ta farko siririya ce mai gudu, na biyu mai faɗi ne, mai ɗumi, a hankali, amma iska ce mai yawa. Muryar ƙasa ta fi kusa da na biyun. Kafar da ke tsakanin leɓɓanka za ta ɗan ƙara buɗewa, haƙoran sama da na ƙasa su ɗan rabu, harshe ya kwanta, maƙogwaro ya saki. Ciki kuwa yana nan yana aiki, yana turo iska ba yankewa. Wanda ya saki ciki don ya rage sauri, numfashi kawai yake zubarwa.

Ina zan nufa da iskar?

Ƙasa kaɗan fiye da yadda kake yi a muryoyin tsakiya. Ajiye sarewar tukuna. Ɗaga tafin hannunka a gaban fuskarka, ka busa a tsakiyarsa, sannan ka sauko da iskar zuwa wuyan hannu ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Za ka ji leɓen sama ya ɗan zo gaba, haɓa ta ɗan sauka ta ja baya. Motsin ke nan, kuma ƙarami ne ƙwarai. Idan na kusa da kai yana ganinsa sosai, ka yi yawa.

Abin da bai kamata ba shi ne ka mirgino sarewar ciki ko ka duƙar da kai. Dabarar tana da ruɗi, domin nan take murya kan fita. Sai dai siririya take fita, a shaƙe, kuma ƙasa da daidai. Leɓen ƙasa ya rufe kwata zuwa sulusin ramin busa, kada ya wuce. Ka tsaya gaban madubi ka duba, domin abin da leɓe ke ji sau da yawa ba shi ne gaskiya ba.

Haka kuma kada ka ja gefen baki kamar mai murmushi. Leɓen da aka ɗaure ba ya iya lanƙwasa iska, kuma muryar ƙasa lanƙwasa take so.

Leɓɓana masu kauri ne, kuma ina da wushirya. Za su hana ni?

A'a. Leɓe ke sarrafa iska, ba haƙori ba. Mai kaurin leɓe yakan ɗora sarewar a ɗan sama kaɗan a kan leɓen ƙasa, don kada nama ya mamaye ramin. Wanda tsakiyar leɓensa na sama ya ɗan zubo ƙasa yakan kauce gefe kaɗan ya busa, kuma akwai manyan mabusa da haka suke yi duk rayuwarsu. Abin da ya fi damun mutane a ƙasashe masu zafi shi ne gumi: farantin bakin yana zamewa a haɓa, murya ta tafi da shi. Ɗan tef na takarda a manne a inda haɓa ke taɓawa yana maganin wannan.

Ina neman C na ƙasa sai na sama ya fito. Yaya zan yi?

Iskarka ta yi gudu, ko ta yi sama, ko duka biyun. Maimakon ka yi ta faɗa da abin, mayar da shi darasi. Riƙe yatsun C na ƙasa, kada ka motsa ko ɗaya. Busa har C na sama ya fito da kyau. Ƙara sauri kaɗan, za ka ji G. Ƙara kuma, wani C ɗin. Gaba da shi E. Duk daga yatsu iri ɗaya. To yanzu ka sauko tsanin a hankali, mataki-mataki, kana lura da abin da leɓe da haɓa suke yi a kowace sauka. Matakin ƙarshe, daga C na sama zuwa na ƙasa, shi kake nema, kuma ka riga ka san hanyarsa tunda ka bi 'yan uwansa. A ganina babu atisayen da ya kai wannan saurin koya wa leɓe aikinsa.

Ta yaya zan gane ko laifina ne ko na sarewar?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi, amma ita ake bari ƙarshe. Mutum sai ya yi watanni yana zargin bakinsa alhali marfi ɗaya ne bai zauna daidai ba.

Hanya mafi sauƙi: miƙa wa wanda ya iya ya busa. In shi ma sai ya yi kokawa kafin D ya fita, ka sami amsa. In babu kowa kusa, busa F ko E da yatsu a sake, sannan ka matse marafan da ƙarfi. Idan murya ta ƙara kyau da matsewa, akwai yoyo. Sarewa mai lafiya ba ta buƙatar a danne ta.

Don gano wane marfi ne, yanki siririyar takarda marar kauri sosai, ko zaren tsohon kaset in akwai shi a gida. Sa bakinsa ƙarƙashin marfin, rufe a hankali kamar yadda kake yi lokacin busa, ka ja. Ya kamata ka ji ya ɗan riƙe. Gwada gaba, baya, dama da hagu na kowane marfi. Inda ya zare salin-alin ba tare da riƙewa ba, nan iska ke tserewa. Ka kula da marafan da yatsa ba ya taɓawa, waɗanda wani marfi ke ja musu su rufe, musamman wanda ke saman yatsun hannun dama. Su suka fi saurin saɓawa. Sai marafan gindi, wato guntun ƙarshe na sarewar, guda biyu na C# da C, waɗanda kan lanƙwashe saboda mutane na damƙarsu lokacin haɗa sarewa. Riƙe gindin ta inda babu marafai idan za ka murɗa shi.

Akwai kuma toshiyar da ke cikin kan sarewar. Sandar goge ciki tana da zane a ƙarshenta. Zura ta ta ƙasan kan, zanen ya kamata ya bayyana a tsakiyar ramin busa, wato kimanin milimita 17 daga toshiyar. Idan murfin saman yana juyawa babu tsayawa, ko toshiyar tana motsi da ɗan turi, ta bushe ta tsuke, iska na bi ta gefenta.

Yanayin hunturu ba ya raga wa waɗannan abubuwa. Bushewar iska tana tsuke toshiya da fatar marafai, ƙura kuma tana shiga mahaɗan ƙarfe. Sarewar da ta yi lafiya da damina tana iya fara gardama a watan Janairu. Goge cikinta bayan kowace busa, mayar da ita akwati, kada ka bar ta a mota cikin rana. Kurkure baki kafin ka fara, musamman bayan shayi ko zoɓo ko goro, domin sukari na sa marafai danƙo.

Zan iya gyara yoyon da kaina? Na ga 'yan ƙananan kusoshi a jiki.

In ba ka san aikin kowace kusa ba, bar su. Wasunsu suna daidaita marfi biyu ne su sauka tare, kuma kwatan juyi ya isa ya gyara ɗaya ya ɓata ɗayan. Masu gyaran irin wannan kaya ba su da yawa, gaskiya ne, amma kusan kowace ƙungiyar badujala tana da wanda take kai wa nata, tambaye su. Kada ka kai wa mai walda, kada ka ɗiga man keke a kan marafai.

D yana fita, amma C# da C sun ƙi. Me ya bambanta su?

Ƙaramin yatsan dama. A yawancin muryoyi yana kan maɓallin E♭. A D yana ɗagawa. A C# yana matsawa gefe ya danna wani, a C kuwa sai ya kwanta kan ɗan abin nan mai mirginawa, marafai biyu su rufe tare. Yayin da yake miƙewa, yakan ja na kusa da shi, sai marfin D ya ɗan saki, ko kuma gefen yatsan ya taɓa maɓallin E♭ ya buɗe shi ba ka sani ba. A sarewa mai huda a tsakiyar marafai abin ya fi muni, domin yatsa ya goce kaɗan huda ta buɗe. Ba abin kunya ba ne ka sa 'yan toshiyar roba a hudojin har hannu ya saba.

Duba yadda ka haɗa gindin. Yadda aka saba, sandar da ke ɗauke da marafansa tana fuskantar tsakiyar marfi na ƙarshe na gangar jikin. Amma yatsu ba tsawonsu ɗaya ba. Murɗa shi kaɗan ciki ko waje har ƙaramin yatsanka ya kai ba tare da ya sandare ba. Babban yatsan dama kuma ya zauna ƙarƙashin manuniya ko tsakaninta da na tsakiya. Idan ya yi nisa zuwa hagu, duk hannun ya karkace.

Ka lura kuma da ƙananan maɓallai biyu da ke tsakanin yatsun dama, da na G# a hagu. Taɓa ɗaya daga cikinsu ko da da gefen yatsa ne yana kashe duk muryoyin ƙasa.

Wane atisaye zan riƙa yi kullum?

Kada ka faro daga ƙasa. Faro daga muryar da ta fi maka kyau ka sauka da kyawunta. Wannan ita ce hanyar da malamin sarewa na Faransa Marcel Moyse ya shimfiɗa a littafinsa De la sonorité na 1934, kuma har yau ita ake koyarwa kusan ko'ina. Ga mai fama da ƙasa, fara daga B na hawa na farko. Busa shi har ya cika, ka zarce zuwa B♭ cikin numfashi ɗaya ba tare da harshe ba, ka riƙe. Maimaita. Sannan B♭ zuwa A, A zuwa G#, haka dai rabin mataki-rabin mataki. Sharaɗin shi ne murya ta biyu ta yi kama da ta farko a cika da haske. Inda ta fara dusashewa, tsaya nan. Yau iyakarka F ce? To, F ɗin za ka gyara. Gobe ko jibi E zai biyo.

Minti goma na wannan da kunne a buɗe ya fi awa guda ana duba waya. Bayan ya zauna, sai ka riƙa haɗa uku-uku, huɗu-huɗu, daga baya ka riƙa tsalle daga G zuwa C.

In na zarce daga sama C yana fita, amma in na fara da shi da harshe sai ya fashe.

Harshen ya yi ƙarfi. "Tu" mai kaifi yana tara iska a bayan harshe, ta fito da gudu a farkon murya, bututun ya ɗauka sama ake nema. Fara da "hu" tukuna, babu harshe sam, har ka iya tayar da C daga shiru sau da yawa a jere. Sannan ka sa "du" mai laushi, kan harshe ya taɓa bayan haƙoran sama ya janye. Ka shirya leɓe da yatsu kafin iska ta taso, ba tare da ita ba. Muryar ƙasa takan ɗan yi jinkirin amsawa ko a hannun gwani. A cikin ƙungiya mabusa kan riga bugun da ɗan ƙiris don su faɗa daidai.

Na'urar daidaita sauti tana nuna muryoyina na ƙasa sun gaza. Me ya jawo?

Halin sarewa ne: ƙasa takan gaza, musamman in ana busa a hankali, sama kuma takan wuce. Rufe rami da yawa da sunkuyar da kai suna ƙara abin. Ɗaga kai, buɗe ramin kaɗan, riƙe ciki. Kada ka tura kan sarewar ciki gaba ɗaya don ka ceto C, za ka lalata sauran.

Zafi da sanyi ma suna da hannu. Saurin sauti a iska yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a daƙiƙa ga kowane digiri ɗaya, don haka sarewa mai sanyi tana gazawa, mai ɗumi tana hawa. Ana ƙera su ne da lissafin ɗaki mai digiri 20 da 'yan kai. Mai busa a fili a Sakkwato ko Yamai cikin watan Afrilu zai ja kan sarewar waje fiye da yadda zai yi a Jos da sanyin safiya. Kafin ka auna, rufe marafai duka ka hura iska mai ɗumi a ciki.

Jiri nake ji idan na daɗe ina wannan atisaye.

Kana zubar da iska da yawa kana shaƙa akai-akai. Zauna, huta, ka dawo. Yawanci alama ce kafar leɓen ta buɗe fiye da kima, rabin iskar tana wucewa ba ta taɓa kaifin ramin ba. Yana raguwa da sabo. In bai ragu ba, ko yana zuwa da ciwon ƙirji, ga likita.

Wata nawa zai ɗauke ni?

Da sarewa mai lafiya da atisaye kullum, D da C sukan fara fita cikin 'yan makonni. Su fita da ƙarfi, daidai, a duk lokacin da ka kira su, wannan aikin shekaru ne.

In sayi mai gindin B?

Ba don wannan matsalar ba. Gindin B yana ƙara tsawo da marfi ɗaya, ya ba ka murya ɗaya ƙasa da C, mai kaɗawa kusan sau 247 a daƙiƙa. Ƙarin nauyi ne da ƙarin wurin yoyo, kuma kiɗan da ke buƙatarsa kaɗan ne. Kuɗin ya fi amfani a hannun mai gyara. Wanda kaurin murya yake so da gaske, akwai sarewar alto mai sauka har G, da ta bas mai sauka hawa guda cikakke ƙasa da ta yau da kullum. Amma dukansu sun fi cin iska.

Ni sarewar gargajiya nake busawa, ta kara. Wannan bayani ya shafe ni?

Rabinsa. Sarewar makiyaya ta baki ake busa ta, a karkace, ba ta gefe ba, kuma yatsa ke toshe ramukanta kai tsaye, don haka babu zancen marafai da kusoshi. Amma ƙa'idar iska ɗaya ce: murya mafi ƙasa tana fita ne idan ramuka duka sun rufu, da iska mai faɗi marar gudu, kuma ƙara sauri na tsallakar da ita sama. Yoyonta daga yatsa yake zuwa ko daga tsagewar kara. Toshe da tsokar yatsa, ba da kansa ba. In ka ɗaga ka ga zoben ramin ya fito cikakke a fatarka, ka rufe daidai. Wanda ya fito daga sarewar kara zuwa ta ƙarfe yakan zo da numfashi mai kyau da kunne, sai dai ya sake koyon inda zai nufa da iska.

Ina samun muryar a ɗaki, amma a cikin ƙungiya ko ni ba na jin kaina.

Wani ɓangare na wannan ba laifinka ba ne. Kunnen ɗan Adam ya fi jin muryoyin sama, kuma sarewa a ƙasa ba za ta taɓa yin gogayya da ƙahonin ƙarfe da ganguna ba. Masu tsara kiɗa sun san haka. Maurice Ravel ɗan Faransa, a kiɗansa Boléro na 1928, sarewa ya ba waƙar farko, tana sauka har C na ƙasa, amma ya bar kusan kowa shiru sai ƙaramar ganga da 'yan tsirkiya a hankali. A maci kuwa sama ake rubuta wa sarewa, ko a ba fikolo, ƙaramar sarewa mai muryar sama.

Abin da ke hannunka shi ne kaifin murya, ba ƙarfin busa ba. Muryar ƙasa da ke kaiwa nesa ita ce mai ɗan ƙara-ƙara a cikinta, wadda kusa da kunnenka ma kamar ta yi kaushi. Ana samunta da leɓen sama ya ɗan danno iskar ƙasa, kafar ta yi faɗi a kwance amma ba ta yi tsawo ba, ciki na turowa sosai. Ƙara iska a hankali kan D har ka kai gaɓar da zai tsallake sama, ka tsaya dab da ita. Sa wani ya tsaya a ƙarshen zaure ya saurara, ko ka ajiye waya nesa da kai ta ɗauka, domin hucin da kake ji a bakin sarewa yawancinsa ba ya wuce taku kaɗan.